Ƙarin Kitse a Cikin Baki

Idan aka ambaci kitse, hankalin kowa ya kan tafi ga tozon sa, ko ga tumbin attajiri, ko kuwa ga teburin mahauci ran kasuwa. Ba safai mutum zai kawo wa ransa cewa kitse ya kan taru ya dunƙule a cikin bakin ɗan Adam ba, har ya hana shi tauna da magana sosai. Amma ya kan yi. Likitoci sun daɗe da saninsa, suna kuwa kiransa lifoma. Kalmar daga harshen Helenawa ta ke, harshen nan da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, inda lipos ke nufin kitse. Da Hausa ba ni da abin da zan kira shi sai ƙarin kitse, gama ƙari ne, abin da ke cikinsa kuwa kitse ne tsantsa.

Wani zai ce, ina ruwan mujallar kwalejin malamai da maganar ƙari? To, 'yan'uwana ɗalibai, ku tuna fa ranar da muka fita daga nan, ko mun so ko mun ƙi, za a riƙa kawo mana tambayoyin da ba su cikin manhaja. Wanda ya sami takarda daga kotu, wurin malam zai zo. Wadda ɗanta ya kwana yana zazzaɓi, wurin malam za ta biyo kafin ta nufi asibiti. A garinmu Suleja abin ya fi haka ma, domin mutanenmu sun daɗe suna ganin girman malamin makaranta. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya kuma koyar a aji kafin ya hau gado. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin ƙasa a 1976, aka ba shi sunan garinmu na dā, watau Abuja, sai garin ya koma amsa sunan wannan sarki. Saboda haka a unguwarmu Bagama, in an ce wane yana karatun malanta, tsofaffi su kan ɗauka ya san kome da kome, har da abin da ke cikin jikin mutum.

Ta haka maganar Goggona ta zo hannuna. Yayar mahaifina ce, ta ba hamsin baya, sana'arta kuwa tuyar masa a bakin hanya. Tun kafin asuba ta ke hura wuta, gama masu sayenta galibi ma'aikata ne da ke sammakon shiga mota zuwa Abuja. A hutun da ya wuce ta aika aka kira ni, ta kori yara daga ɗaki, ta saki labule, ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, zo ka duba mini wani abu. Amma kada ubanka ya ji." Sai ta buɗe baki, ta ja kuncinta na hagu da yatsa. Na haska da tocila, sai ga wani ƙullutu zaune a cikin kuncin, ya kusa kai ƙwan zabo girma, sumul, da ɗan launin rawaya yana nunawa ta ƙarƙashin fata. A gefe guda akwai wani ɗan farin tabo inda haƙora ke cizonsa.

Na ce, "Goggo, tun yaushe?" Ta ce shekara huɗu ke nan. Da fari kamar ƙwayar gyaɗa ya ke, tana wasa da shi da harshe. Bai taɓa yi mata zafi ba, bai taɓa jini ba sai in ta cije shi cikin tauna. A hankali a hankali ya kai goro, ya kuma wuce. Duk wanda ya ga kuncin a cike, sai ya zaci goro ta ƙunsa, ita kuwa ta bar su a kan haka, har ta shiga cin goro da gangan don zancen ya zauna.

Dalilinta na ɓoyewa ba na wauta ba ne, ya kamata mu fahimce shi. Na ɗaya, tsoron sankara. Ta taɓa ganin wata mata da aka yi wa aiki a muƙamuƙi ba ta tashi ba, tun daga ran nan ta ƙudura a ranta cewa wanda aka sa wa wuƙa a baki ya gama yawo. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne kasuwarta. Mai sayar da abinci, in aka ji tana da ciwo a baki, wa zai sāke miƙa mata kwano? Da kuɗin masan nan ta ke ciyar da jikoki uku. Yini guda a asibiti, a wurinta, yini ne da ba a ɗora tukunya ba. Mu masu karatu mu kan yi saurin cewa jahilci ne ke hana mutane zuwa wurin likita, alhali sau da yawa lissafi ne suka yi, lissafin kuwa ba laifi gare shi ba, sai dai akwai abin da ba su sa a ciki ba.

Ba ta zauna haka kawai ba fa. Ta sha rubutu, ta shafa man da wata kawarta ta kawo mata, ta kurkure baki da jiƙon sassaƙe iri iri. Wata ta ce mata jifa ce daga abokan kishin sana'a. Wani wanzami da ta yi wa maganar a asirce ya taɓa kuncin daga waje, ya ji taushi, ya ce ruwa ne ya taru, sakiya ɗaya ta ishe shi. Ranar da suka shirya kuwa saura kwana uku, shi ya sa ta kira ni, don tana so wani nata ya san inda za ta. Akwai kuma wani abu da ya fi ɗaure mata kai. Bara ta yi jinyar taifot, ta rame har zobenta na zamewa daga yatsa, ga kuma azumi ya biyo baya, amma ƙullutun ko gezau. Ta ce, "Duk jikina ya zube, shi kaɗai ya ƙi. In ba aikin hannu ba ne, me ya ke ci?"

Ban yi mata gardama kan jifa ba, gama gardama da babba ba ta kai mutum ko'ina. Na roƙe ta abu ɗaya kawai, ta ɗaga ranar wanzami da mako guda, ta bar ni in kai ta wurin likitan haƙori ya gani tukuna. Ta ce masa fa? Na ce ƙanwata za ta zauna a bakin tanda. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, in sun ce za su yanka, gudu zan yi." Na ce na yarda.

Mun sha zaman jira ran nan, tun hantsi har bayan azahar, a kan benci marar majingini. Da layi ya zo kanmu, likitan ya sa safar hannu, ya sa yatsa ɗaya a cikin bakin, ɗaya a waje, ya matsa ƙullutun a tsakaninsu, sai ya sulluɓe masa kamar ƙwallon mangwaro. Ya shafa ƙarƙashin haɓarta da wuyanta yana neman kaluluwa, bai samu ba. Ya tambaye ta ko tana shan taba ko tana sa ta a baki, ta ce Allah ya kiyaye. Sa'an nan ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Ga dukkan alamu kitse ne. Amma ba zan rantse ba sai an cire shi an duba." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce na fi riƙewa daga bakinsa, zan kuwa komo kanta.

Da na dawo kwaleji na shiga laburare na karanta abin da na iya samu, ga shi kuwa a taƙaice. Cikin dukan ƙari marasa mugunta da ke fitowa a tsokar jikin mutum, ƙarin kitse ya fi kowanne yawa. Da yawanmu mun taɓa ganinsa a ƙeyar wani dattijo, ko a kafaɗa, ko a baya, ko a damtse. Littattafan likitoci sun ce cikin kowane 100, kamar 15 zuwa 20 ne ke fitowa a kai da wuya, waɗanda ke fitowa a cikin baki kuwa ba su wuce 1 zuwa 4 ba. Watau baƙo ne a baki, shi ya sa ko ma'aikacin asibiti zai iya daɗewa yana aiki bai gamu da shi ba. Wani likita Bafaranshe mai suna Roux shi a ke ambata da fara bayyana irin na baki, a 1848, ya kuwa kira shi da sunan da ke nufin rawayan ƙari na dasashi, saboda launinsa.

Wurin da ya fi so shi ne cikin kunci, domin can ne kitse ya fi yawa a baki tun asali. Bayan kunci sai harshe, da ƙarƙashin harshe, da leɓe. A ganɗa da dasashi ba safai ba, gama kitsen wurin kaɗan ne. Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 40. Wasu likitoci a Washinton ta Amurka sun tattara labarin mutum 125 masu ƙarin kitse a baki da kewayensa, suka buga a 2004, matsakaicin shekarun mutanen kuwa ya kusa 52, watau sa'o'in Goggo sosai. Galibinsa ba ya wuce santimita 3, inci ɗaya da ɗan ɗori ke nan, amma wanda aka bari shekara da shekaru ya kan wuce haka nesa, har ya ture harshe gefe, magana ta lauye, hadiya ta yi wuya.

Tambayar nan ta Goggo, me ya ke ci, ashe likitoci ma sun yi ta. Kitsen jikin mutum kamar rumbu ne: in abinci ya yi yawa a zuba, in yunwa ta zo a ɗiba. Shi kuwa kitsen ƙari, ko da ya ke a ido ba ya da bambanci da sauran, rumbu ne da aka liƙe bakinsa. Jiki ba ya ɗibar kome daga cikinsa, ko mutum ya rame ya zama kara. Saboda haka azumi ba ya rage shi, barin cin mai ba ya rage shi, cin mai kuma ba shi ne ya kawo shi ba. Na so in faɗi wannan da babbar murya, domin da labarin ya fita daga baya, sai mata suka ce ai man tuya ne ya taru mata a kunci. Ba haka ba ne. Masu bincike sun tarar cewa a cikin ƙari da yawa irin wannan, akwai ɗan sauyi a zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarsa. Zaren nan a jikin mutum guda 46 ne, an jera su biyu biyu, sauyin kuwa ya fi aukuwa a na 12. A cikin ƙarin kaɗai ya ke, ba cikin sauran jiki ba, shi ke sa ƙwayoyin kitsen wurin su yi ta haihuwa ba tsayawa, amma a hankali, ba tare da sun ci maƙwabtansu ba. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta moɗa. Da Goggo ta san wannan tun fari, da ba ta yi shekara huɗu tana kare bakinta da gefen mayafi ba.

Aikin cirewa bai kai tsoron da aka yi masa ba. An tura mu wurin likitocin fiɗa na baki da muƙamuƙi, irin waɗanda a ke samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Asibitin Ƙasa a Abuja, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano a Kano. Ba a sa ta barci ba. Allurar kashe zafi aka yi mata a kuncin, aka tsaga fatar ciki kaɗan, sai ƙarin ya ɓullo cikin tantaninsa kamar gwaiduwar dafaffen ƙwai, aka zare shi ɗungum, aka ɗinke da zare mai narkewa da kansa. Ba ta gudu ba. Da aka fito da ita, ma'aikaciyar jinya ta nuna mana shi a cikin kwalba, cikin ruwan maganin da a ke kira fomalin, yana yawo a sama. Ta ce yawancin naman da a ke cirewa nutsewa ya ke yi, wannan kuwa da ya ke kitse ne sai ya taso, kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Goggo ta daɗe tana kallonsa, auduga cike da baki, ta girgiza kai. Kwana biyu tana shan kunu da koko, ran na biyar ta koma bakin tandarta. Bayan mako uku takardar ɗakin gwaje-gwaje ta fito: an yanka shi siriri siriri an duba da madubin likita, kitse ne, ba mugunta. Irin wannan in an cire shi duka ba safai ya kan dawo ba. Akwai dai wani iri da ke kutsawa tsakanin zaren tsoka, musamman a harshe, wanda ba shi da tantani sosai, shi ne ya kan sāke tsirowa in an bar saura.

Yanzu bari in ce wani abu game da wanzami, ba don raini ba. Wanzaman ƙasarmu suna da gwaninta, sun kuwa yi wa jama'a hidima tun ba a san asibiti ba. Amma a nan yatsansa ya ruɗe shi. Taushin kitse da taushin ruwa kusan ɗaya su ke a hannu. Da ya soka ƙarfensa, ba abin da zai fito, gama ba mugunya a ciki, sai dai ya bar rami a cikin kitse, a wurin da ba ya rabuwa da yawu da guntun abinci, ya ruɓe. Ban da haka, kunci ba fili ba ne. Hanyar yawu ta ratsa ta cikinsa ta ɓullo daura da haƙoran tauna na sama, ga jijiyoyin jini, ga kuma jijiyoyin da ke motsa fuska, waɗanda in aka yanke su baki ya kan karkace. Ƙarƙashin harshe ya fi haɗari ma, domin kumburin wurin ya kan tura harshe baya ya toshe numfashi. Akwai kuma wani ƙullutu mai taushi da ba kome ba ne sai tarin jijiyoyin jini, wanda in aka huda shi a tsakar gida, tsai da jinin sai ikon Allah. Ga zancen aska ɗaya ga mutum goma, da ciwon hanta da a ke ɗauka ta jini.

To, a nan ne labarin ya juya ta inda ban so ba. Da Goggo ta warke, ita da ta ɓoye abu shekara huɗu, sai ta zama mai shela. Duk wanda ya zo sayen masa sai ya ji yadda aka ciro mata ƙwai daga kunci. Na yi murna da farko, domin tsoron asibiti ya ragu a layinmu. Amma sai na lura wani sabon zance ya shigo: kowa ya ji ƙullutu a bakinsa ko a bakin ɗansa, sai a ce, "Kyale shi, irin na Goggo ne, kitse ne." Dā tsoro ke hana su zuwa, yanzu kuma rashin tsoro. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Likitan da ya ƙi rantsewa sai an duba da madubi, ya san abin da ya ke yi. Shi da ya yi shekaru yana karatun baki bai yanke hukunci da ido ba, balle mu.

Mu malamai, yawancin bakunan da za mu riƙa gani na yara ne, ƙarin kitse kuwa ba cutar yara ba ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ƙi yarda in an ce mana kumburin bakin yaro kitse ne. A makarantar mishan da na yi, kowace Litinin da safe mu kan yi layi a fili, malami ya bi yana duba farce da kai da haƙora, wanda bai yi asuwaki ba ya sha rankwashi. A lokacin muna ganin zalunci ne. Yanzu da na ke koyon aikin, na ga ashe minti goma ɗin nan su ne kaɗai lokacin da wani babba ke leƙa bakin yara da yawa a duk mako. In za mu ci gaba da al'adar, ya kamata mu bar rankwashin, mu san abin da mu ke nema.

Wani abin ba shi da tada hankali. Ɗan ƙullutu mai ruwa ruwa a cikin leɓen ƙasa, wanda ke fashewa ya sāke cika, yawanci yawu ne ya taru saboda yaro ya ciji wurin. Irinsa babba ya kan fito a ƙarƙashin harshe, shuɗi shuɗi, likitoci suna kiransa ranula, watau ɗan kwaɗo da Latinanci, don ya yi kama da maƙogwaron kwaɗo in yana kuka. Waɗannan a kai asibiti, amma ba da gudu ba. Akwai kuma wanda ya shafi kitse kai tsaye. A cikin kuncin kowane mutum akwai wani dunƙulen kitse na halitta, wanda Bichat, shi ma likita ne Bafaranshe, ya bayyana a 1802. A jarirai ya fi girma, shi ke ba su kumatun nan, yana kuwa taimakonsu tsotson nono. In ƙaramin yaro ya faɗi da fensir ko cokali ko buroshi a baki, abin ya huda cikin kuncin, sai kitsen nan ya leƙo waje, uwa ta ga tsoka ta tsiro a bakin ɗanta cikin yini guda. Ba ƙari ba ne, kada a ja, kada a yanke, a kai shi wurin likita ran nan. Masu koyar da ƙananan azuzuwa, ku hana gudu da fensir a baki.

Waɗanda ba su jira kuwa su ne waɗannan. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma, muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙoransa suna girgiɗi ba lokacin famfara ba, wani lokaci ido ya turo. Wannan ita ce sankarar da likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958, sa'ad da ya ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda. Ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu, tana kuwa cikin masu saurin girma duka, har ta kan ninka kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma tana jin magani ƙwarai in an kai yaro da wuri. Sai kuma cutar da a ke kira noma, ba noman gona ba, wadda ke kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda. Ta kan fara da gyambo a dasashi da warin baki, kunci ya kumbura, cikin kwanaki ƙalilan ya yi baƙi ya huje. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. A farkonta, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da tsabtar baki su kan tsai da ita. Malamin da ya ga ɗayan biyun nan kada ya tsaya rubuta wasiƙa, ya bar aji a hannun wani, ya je gidan iyayen da ƙafarsa.

Ga manya kuma, bambancin da na koya shi ne wannan. Ƙarin kitse yana da taushi, yana motsi ƙarƙashin yatsa, fatar da ke kansa lafiya lau, ya kan ɗauki shekaru kafin a ga ya ƙaru. Sankarar baki kuwa tauri gare ta, ta kan kafe a wuri ɗaya, ta kan zo da gyambon da ya ƙi warkewa bayan mako uku, ko wani farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, ko mutuwar leɓe, ko kaluluwa mai tauri a wuya. A farkonta ita ma ba lalle ta yi zafi ba, saboda haka rashin zafi ba shaida ba ne. Taba, ko ta sha ko ta sawa a baki, da giya, su ne manyan masu jawo ta. Bisa ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da baki a duniya, fiye da 188,000 kuma suka mutu da ita.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Bagama, tsohon direba ne, wanda ya fi shekara talatin yana ƙunsa garin taba a leɓensa na ƙasa. Ran da na je gida ƙarshen wata, na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida yana shan fura da gefen baki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya ka ke cin abinci haka?" Ya ce wani ɗan miki ne a gefen harshe, wata biyu ke nan, haƙori ne ke gogarsa. Ɗansa na biyu da ke wanke babur a gefe ya ce, "Ai irin na Goggonku ne, Malam." Na nemi izini na duba. Ba ƙullutu mai sulɓi na gani ba. Gyambo ne mai tattauran baki, tsakiyarsa fari fari, a ƙarƙashin haɓarsa kuma akwai wani abu kamar ƙwallon dabino da ba ya motsi.

Ban ambaci sunan wata cuta a gabansa ba, gama ba aikina ba ne, ba kuwa ni da madubin. Na ce masa dai wannan da na Goggo ba hanyarsu ɗaya ba, nata ya iya jiran shekara huɗu, wannan bai kamata ya jira mako ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, bari a sayar da doya tukuna." Da na ga ba zan ci nasara ni kaɗai ba, sai na tafi wurin Goggo, na zauna na bayyana mata bambancin tun daga farko. Ta saurara har na gama, ta sauke tanda, ta yafa mayafi, ta shiga gidan. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, daga waje dai na jiyo muryarta sama da tasa. Ran Talata babban ɗansa ya ɗauke shi a mota suka tafi. An yanki ɗan guntun naman wurin an aika ɗakin gwaje-gwaje, aka ce su komo bayan mako biyu. Ranar ta faɗo cikin makon jarrabawarmu, saboda haka ƙanena ne zai raka su, ya riƙe musu takardu.